Jan Taɓon Ranar Asabar

"Goge takalmi tukuna, Inna," in ji Sina, mai gadin hanyar dajin da ke bayan Auckland. "Taɓo ne ke yaɗa cutar da ke kashe mana itatuwan nan da ake kira kauri."

Glenys ta goge. Tun rasuwar mijinta Desmond, abin da aka ce ta yi shi take yi, ba ta jin komai a ranta. Tulun tokar gawarsa na cikin jakarta. Wasiyyarsa ɗaya ce: a zuba tokar inda yake yini kowace Asabar. Sunan wannan dajin kuwa ya sha faɗa mata.

Ta hau har inda ake hango teku, iskar kaka na kaɗa ta, ta juye tulun. Ko ƙwalla ba ta yi ba.

Da ta sauko, Sina ta sake miƙo mata buroshi.

"Har da fita?"

"Shiga da fita, Inna, shekara da shekaru. Ko ɗan uban waye, ba ya barin nan da taɓo."

Glenys ta tsaya, buroshi a hannu. Kowace Asabar da yamma, ita ke durƙusawa ta kankare jan taɓo daga takalmin Desmond. Ashe ba wannan dajin yake zuwa ba.

Tulun kuwa babu sauran komai a ciki.