Ƙetarawar da Ta Rage wa Iya Kande

Tun da aka sa gadar katakon Kwarin Giginya cikin kayan tarihi, aka yanka wa kowa ƙetarawa ɗari biyar a rayuwarsa, don kada katako ya gaji. Iya Kande, wadda marigayi mijinta ya yi wa gadar rufi, saura mata ɗaya.

Ranar sunan jikanta ta zo bakin gada. A tsallake 'yarta ta ɗaga jaririn sama, amma duhun rumfar gadar ya hana Iya Kande ganin fuskarsa.

"Iya, in kin haye fa ba dawowa," in ji Tanimu mai gadi.

"Na sani. Dama ta ranar da za a sa ni a makara ce na ajiye, tunda maƙabarta tana can." Ta dubi Tanimu. "Ranar da za a ɗauke ni, ƙetarawar wa za a cire?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Taki, da ta duk wanda ya ɗauka, zuwa da dawowa."

Ta waiwaya ta dubi hayaƙin gidanta, inda ta bar wake a wuta. Sannan ta tuɓe takalmi kamar yadda dokar hawa gadar ta ce.

"Ɗan nan, ka sa a sauke mini tukunya, kada ta ƙone."