Abin Toshe Kunnen Baba

Babana ne mai tsayawa gaban jirgi a filin jirgin Sakkwato, yana ɗaga sanduna biyu har matuƙi ya tsaya inda ya nuna masa. Shekara guda na yi ina roƙon ya je da ni. Ranar da ya yarda, sai ya haɗa ni da Rifkatu, 'yar malamin da ke haya a gidanmu na Tudun Wada. Ita ko roƙo ba ta yi ba.

Bayan la'asar ya tsayar da mu jikin wayar shinge. Nasa abin toshe kunnen na rataye a wuyansa, ya ciro wani daga jaka, ja, mai soso, yana ƙamshin turarensa. Na miƙa kaina. Hannunsa ya wuce ni, ya ɗora wa Rifkatu, har da gyara mata ɗankwali.

Na ce, "Baba, ni hwa?"

Ya ce, "Ke ai ɗiyar gida ta, kin saba."

Na saba da me? Ranar na fara taka wurin.

Jirgin ya sauko, ƙararsa har cikin hanjina. Rifkatu tana ta tsalle. Ni na ƙi sa yatsa a kunne, don Baba ya waiwayo ya ga halin da nake ciki. Bai waiwayo ba, jirginsa yake kallo.

Yau ni ma baƙo nake fara ba wa abu a gidana. Amma Baba, Allah ya jiƙanka, har yanzu ban saba ba.