Aron Adafta

"Maƙwabci, taimaka min da adafta mana, wayata ta mutu," na ce wa Stoyan, ɗan Bulgeriya da ɗakinsa ke kallon nawa a wani otal a Malta. Cajar da na zo da ita daga ƙasarmu Sabiya ƙafa biyu ce, soket ɗin otal ɗin kuwa rami uku.

Kullum da safe sai in ƙwanƙwasa masa, mu jona wayar, mu sha kofi muna hira.

Ranar da zan koma gida, yana taya ni ɗaukar jaka zif ya ɓalle. Adaftocina biyu suka faɗo gabansa. Kunya kamar in nutse.

Ya tuntsire da dariya. "Haba Vesna, ai na sani. Tawa a lalace take tun ranar farko, kuma ba ki taɓa cewa wayarki ba ta yi caji ba."