Adireshin Tabawa Mai Waina

Tun da aka wajabta sa tabarau mai nuna hanya, duk sana'ar da ba ta cikin taswira ba a ganinta, sai dai farin bango. Wata uku Tabawa tana suya a bayan bangon nan. Ko ƙaninta wuce ta yake yi ba sallama.

Ranar Talata ta je ofishin taswira.

"Inna, Gindin Tsamiya kika rubuta," in ji ma'aikaciyar. "Sau tara na'urarmu tana zagayawa, ba ta ga tsamiya ba."

"An sare ta tun ina goye! Amma haka kowa yake kiran wurin."

"To, ki karɓi lamba."

"'Yar nan, ni ba motar haya ba ce."

Ta biya ta wurin masu dashe, ta samo 'yar tsamiya da ba ta kai gwiwa ba, ta dasa a gefen tanda. Da azahar na'urar ta sauko, ta yi ta shawagi a kan ganyen, ta tashi.

Kafin la'asar layi ya kai bakin titi, ƙanin nata a gaba.

"Yaya! Yaushe kika dawo?"

"Matsa can," ta ce, tana juya waina. "Kana taka mini adireshi."