Farar Rigar Malam Sutarjo

Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, Malam Sutarjo, malamin lissafi, ya tsare ƙofar sakandaren gwamnati da ke garinsu a tsibirin Jawa, yana hana ɗalibai rubuce-rubucen bankwana a jikin rigunan makaranta. Ranar ce kuma ta ƙarshe gare shi, ritaya ta zo. Bai sa ran ko sannu daga kowa ba, don ya san tsoronsa kawai ake ji.

Sai ga Wulan, shugabar 'yan ƙwallon raga, riƙe da alƙalami. Bara shi ya hana ta buga wasan ƙarshe saboda ta faɗi lissafi, aka lallasa makarantar, kowa ya ɗora masa laifi.

"Malam, na ci," in ji ta.

"Na gani. Ajiye alƙalamin nan, doka ta hana."

"Rigar ɗalibi doka ta ce, Malam. Kai ɗalibi ne?"

Ya ɗaga kai, sai ya ga layi a bayanta har bakin kanti, kowa da alƙalaminsa. A hankali ya juya musu baya.

"To, a yi rubutu mai kyau. Ba na son ƙazanta."

Da ya koma gida ya shimfiɗa rigar a tebur yana karantawa. Wani ja'iri ya rubuta sunan Malam ba daidai ba. Ya ɗauko jan biro, ya daɗe yana kallon kuskuren, sannan ya mayar da murfin.