Ƙuri'ar da Ta Ɓata a Gareji

Tun ƙarfe bakwai na safe Mai Walda ya ajiye bokiti da sabulu da soson ƙarfe a ƙofar ofishin ƙungiyar makanikai, ya jawo benci ya tokare hanya.

"Ba mai shiga sai ya wanke hannu," in ji shi. "Ko ubana ne."

Kada a ga laifinsa, yana da dalili. A zaɓen da ya wuce an shafa wa kowa tawada a babban yatsa kamar yadda ake yi a ko'ina, aka manta cewa hannun bakanike baƙi ne tun asali. Wa zai bambance tawada da baƙin mai? Mutane suka yi ta shiga suna fita, wani sau biyu, wani sau uku, har aka samu ƙuri'a casa'in a ƙungiyar mutum sittin da ɗaya. Shugaba ya lashe, ya kuma miƙe ya gode wa jama'a bisa fitowar da suka yi.

Bana kuwa yayan Mai Walda ne ya tsaya takara, kuma maganar ta wuce ta 'yan'uwantaka. Shugaba ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa in ya zarce, rumfar walda za ta bar bakin titi ta koma can bayan gareji kusa da kwata, wai tartsatsin wuta na korar masu motoci. Shekara goma sha tara Mai Walda yana wannan rumfa, duk wanda salansar motarsa ta fashe nan yake fara tsayawa. Bayan gareji kuwa ba mai zuwa sai sauro.

Shi ya sa ya shiga kwamitin zaɓe, ya tsaya kai da fata. Akwatin ma shi ya ƙera da ƙarfe mai kauri, ya bar 'yar kafa wadda takarda ɗaya ke shiga da ƙyar, ya rataya kwaɗo uku. Dokoki ya rubuta su a allo da manyan baƙaƙe: a wanke hannu, a dangwala a rajista, a jefa, a shafa tawada. Ƙarfe huɗu daidai a toshe akwati, ko wa ya rage. Akwai wata tsohuwar doka a kundin ƙungiya, cewa in an yi kunnen doki mai kan kujera ya ci gaba. Wannan ko a jikinsa. Sittin da ɗaya ai ba ta rabuwa biyu.

Haka ya wuni yana dirzar yatsun mutane. Tsoho mai faci ya yi ta haƙuri har ya gaji.

"Kai ɗan nan, fatar ma cirewa za ka yi?"

"Baba, gara fata ta fita da maguɗi ya shigo."

Mai fenti ya zo hannu shuɗi har gwiwa, aka mayar da shi ya nemo kananzir. Shugaba da kansa sai da ya naɗe hannun riga ya durƙusa gaban bokiti, Mai Walda ya dirje shi da ƙarfin da ya fi na kowa, ya ji daɗin hakan har cikin ransa.

Mutum ɗaya ne bai yarda da shi ba: Sakatare, mai riƙe da rajista, surukin Shugaba. Da hantsi Sakatare ya ɗago kai daga tebur ya ce, "Zo mana, minti ɗaya." Mai Walda ya yi kamar bai ji ba. Bayan tsakar rana ya sake kiransa. Mai Walda ya yi dariyar mugunta a ciki. Wato a janye shi daga ƙofa a shigo da 'yan aringizo ko? Sun makara! Matarsa ta kawo masa abinci, ya huce a ƙarƙashin benci. Fitsari ya matse shi tun ƙarfe biyu, ya riƙe abinsa kamar amana.

Agogo na buga huɗu ya rufe kafar akwati, ya ɗaure ta da noti, ya tamke da sifana.

Aka buɗe kwaɗo uku a gaban kowa, aka zazzage takardu, aka fara ƙirga da ƙarfi. Yaya, Shugaba. Shugaba, Yaya. Gumi ya jiƙe wa Mai Walda riga sharkaf. Aka ɗaga takarda ta ƙarshe, aka haɗa lissafi. Talatin da talatin.

Magoya bayan Shugaba suka kaure da sowa. Yaya ya zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya.

Mai Walda ya haye benci.

"Maguɗi! Wallahi an sace ƙuri'a! Sittin da ɗaya muke, kuma ba wanda bai zo wurin nan ba yau, da idona na gani! Ina ɗayar?" Ya nuna Sakatare da sifana. "A buɗe rajista! In sace ta aka yi, mu gani. In kuma wani munafuki ne ya zo ya ƙi jefawa, a kore shi daga garejin nan da shi da kayan aikinsa!"

"A kore shi!" jama'a suka amsa, har da Shugaba.

Sakatare ya buɗe rajista, ya bi layi-layi da bakin biro. Dangwale sittin cif, gurbi ɗaya fari fat.

"Karanta sunansa!" Mai Walda ya daka masa tsawa. "Ko tsoro kake ji?"

Sakatare ya juya littafin ya tura wa Yaya. Yaya ya duba, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar ya sake dubawa. Sannan ya ɗago kai.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "sauko daga bencin nan. Kai ne ba ka yi zaɓe ba."