Gawo a Gonar Aro

Malamin gona, kafin ka sake zargin manoma da taurin kai don ba su aikata abin da ka koya musu ba, saurari wannan misali.

Wata mata ce take noma gonar aro a kan gangare, da geron gonar take ciyar da 'ya'yanta. Kowace damina ruwa yana tsaga ƙasar, tsagar tana ƙara faɗi, har ya zamana in hadari ya haɗu maƙwabta suna murna, ita gabanta yana faɗuwa. Da aka zo horar da manoma, ta zauna a bayan taro ta riƙe komai: a jera duwatsu su rage gudun ruwa, a dasa gamba a bakin tsaga, a daina sare tohon gawo lokacin sassabe. Duk tsawon rani ta yi ta ɗauko duwatsu a ka, ta kuma bar toho ya tashi. Sai dai a garin nan mai aron gona ba ya raya itace a cikinta, domin itace shaidar mallaka ne. Mai gonar ya zo ya ga gawo ya kai ƙugu, ya ce, "Baiwar Allah, aro na ba ki ko gado? Yau itace, gobe ki kai ni gaban alƙali." Ta ce, "Alhaji, ƙasarka nake tarewa kada ta tafi." Bai saurara ba. Ya tsaya a kanta har ta sare tohon da hannunta, ta watsar da duwatsun, domin in ta ƙi, baɗi ba ta da inda za ta shuka.

Da damina ta kankama, ruwa ya gangaro bai tarar da abin da zai tare shi ba. Tsagar ta zama kwazazzabo, ya tafi da geron matar, ya tafi da ƙasar da Alhaji ya ji tsoron a raba shi da ita. Har yanzu bakin ramin yana zubewa, kuma damina ba ta ƙare ba.

Ku malaman gona kun koyar da mai riƙe da fartanya, kun bar mai iko da ƙasa cikin zarginsa, babu wanda ya zaunar da shi ya tuna masa abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.